Kunnen yaro yana zubar da ruwa, na uban kuma yana ƙara: me ke cikin kunne, kuma wane ji ne yake dawowa?

Tambayar ta fito ne daga wani magidanci mai sana'ar niƙa. Ya ce ɗansa mai shekara 6 kunnensa na dama yana zubar da ruwa mai wari tun yana goye. Ruwan yakan tsaya, ya kuma dawowa, musamman idan yaron ya yi mura, ga shi yanzu malaminsu ya fara ƙorafin cewa sai an kira shi sau biyu ko uku kafin ya waiwayo. Kakar yaron tana share masa kunnen da gashin kaza, tana ɗiga masa man ja. Shi kansa mai tambayar, bayan shekara 14 a bakin inji, yana jin wata ƙara "shiii" a kunnuwansa idan dare ya yi tsit, a taro kuma yana jin muryoyi amma maganar ba ta fita masa sosai. Yana so ya san yadda kunne yake a ciki, da kuma ko jin su biyun zai dawo.

Malam, Allah ya ba yaron lafiya, kai ma ya ba ka. Daga bayanin da ka yi, ciwonka da na ɗanka ba a wuri ɗaya suke ba, duk da cewa ku biyun "kunne" kuke kira. Nasa yana inda hannun likita ke iya kaiwa ya gyara. Naka yana inda abin da ya mutu ba ya tashi, sai dai a tsare wanda ya rage. Don ka ga dalili, bari mu shiga kunnen kamar yadda ake shiga gida: zaure, sannan tsakar gida, sannan ƙuryar ɗaki.

Zauren shi ne abin da ido ke gani, wato ganyen kunne da ramin da ya shiga ciki. Ganyen guringuntsi ne da fata ta lulluɓe, aikinsa tattara sauti ya tura shi rami, shi ya sa tsoho kan kanga tafin hannu a bayan kunne idan magana ta yi masa nisa. Lanƙwashe-lanƙwashen nan nasa ma ba ado ba ne, suna taimaka wa mutum ya gane ko sauti daga gaba ya zo ko daga baya, daga sama ko daga ƙasa. Ramin kuwa a babban mutum bai wuce tsawon santimita 2 da rabi ba, kuma ba miƙaƙƙe ba ne, yana da 'yar kwana. Kashi ɗaya cikin uku na bakinsa guringuntsi ne, a nan gashi yake, a nan kuma ake yin dauɗar kunne. Sauran na ciki ƙashi ne da wata siririyar fata a kai, babu tsokar da za ta tare komai, shi ya sa ɗan ƙarzane a wurin yake da zafi haka.

Dauɗar nan da Hajiya kaka take yaƙi da ita ba ƙazanta ba ce. Maiƙo ne da jiki ke yi da gangan: yana hana fatar ramin bushewa, yana kama ƙura, kuma yana da ɗan tsami da ƙwayoyin cuta ba sa so. Fatar ramin kuma tana da wata ɗabi'a ta musamman, tana tafiya a hankali daga ciki zuwa waje, kusan da saurin da farce ke tsiro, ta ɗauko dauɗar ta kawo baki, taunar abinci da magana suna taya ta. Kunne da kansa yake shara. Tsinken auduga, gashin kaza, tsinken ashana, marfin biro, makullin babur, dukkansu aiki ɗaya suke yi: su ciro kaɗan, su dandaƙa sauran can cikin ɓangaren ƙashi inda ba wurinta ba ne, ta taurare ta toshe hanya. Na sha ciro guntun auduga da ya yi watanni a kunnen mutum yana tsammanin kurumta ce ta kama shi. Idan ka taɓa lura cewa sosa kunne yana sa wasu tari, wani reshe ne na jijiyar da ke zuwa maƙogwaro da ƙirji ya ratsa ta ramin. Irin wannan haɗin jijiyoyi ne ma ya sa ciwon haƙori ko na maƙogwaro kan fito wa mutum a kunne alhali kunnen lafiyarsa lau.

A ƙarshen zauren akwai ƙofa a rufe, ita ce dodon kunne. Wata fata ce mai kaurin da bai fi kashi ɗaya cikin goma na milimita ba, faɗinta kusan santimita 1, a ɗaure kamar fatar ganga. Sauti ba komai ba ne illa girgizar iska. Idan makaɗi ya bugi kalangu, fatar ta yi rawa, ta tura iskar da ke kusa, ita ma ta tura ta gaba, har turin ya iso dodon kunnenka ya sa shi rawa daidai da yadda fatar kalangun ta yi. Mari mai ƙarfi a kan kunne yana cusa iska cikin ramin a lokaci guda, babu inda za ta fita, sai ta fasa dodon. Ina faɗin wannan ne saboda iyaye da malaman da ke marin yara a kunne, yawancinsu ba su san abin da tafin hannu ke iya yi ba. Ƙaramar ɓula irin wannan takan haɗe da kanta cikin 'yan makonni idan an bar kunnen a bushe, ba a ɗiga masa komai ba.

Bayan dodon kunne sai tsakar gida, kuma a nan matsalar ɗanka take. Wani ɗan fili ne a cikin ƙashin kai, cike da iska, da ƙasusuwa uku a jere kamar sarƙa. An sa musu suna ne saboda kamanninsu: guduma, uwar maƙera, da likkafa. Gudumar tana manne da dodon kunne, tana motsa uwar maƙera, ita kuma tana motsa likkafar. Wannan ta ƙarshen, idan ka ɗora ta a tafin hannu, sak likkafar sirdin doki ce, sai dai tsawonta kusan milimita 3 ne kawai, kuma ita ce ƙashi mafi ƙanƙanta a jikin ɗan Adam. Tafin likkafar yana zaune a kan wata 'yar taga da ke buɗewa zuwa ƙuryar ɗaki.

Me ya sa ake buƙatar duk wannan sarƙar? Saboda ƙuryar cike take da ruwa, sauti kuma ba ya son ƙetarawa daga iska zuwa ruwa. Duk wanda ya taɓa nutso a rafi ya san haka: abokai suna ihu a bakin gaɓa, kai kana ƙasa ba ka jin komai sai gunji. Kusan duk sautin ne yake dokan fuskar ruwan ya koma. Kunne ya magance wannan ta hanyar tattara ƙarfi. Faɗin dodon kunne ya ninka na tafin likkafa kusan sau 17, ƙasusuwan kuma suna ƙara ɗan ƙarfi irin na sandar da ake ɗaga dutse da ita, sai matsin da ya isa tagar ya zama ya ninka wajen sau 20. Ka dubi ƙusa: hannunka ba zai huda katako ba, amma idan ƙarfin guduma ya taru a tsininta sai ta shige.

Tsakar gidan nan tana da ƙofar baya. Wani bututu ne mai tsawon kusan santimita 3 da rabi da ya gangara daga kunne zuwa bayan hanci. Ana kiransa da sunan wani masanin sassan jiki ɗan ƙasar Italiya, Bartolomeo Eustachi, wanda ya bayyana shi a ƙarni na 16. A rufe yake zama, sai ka haɗiyi yawu ko ka yi hamma ya buɗe, iska ta shiga ko ta fita, matsin ciki da na waje su daidaita. Alhazai sun san shi a jirgi, lokacin da kunne ke yin dum wajen sauka har sai an haɗiyi yawu ya yi "ɓas". Mai hawa tsaunin Jos a mota ma yakan ji hakan.

A jikin ƙaramin yaro bututun gajere ne, kuma kusan a kwance yake maimakon ya gangara. Ga tsokar bayan hanci da takan yi girma a yara ta matse bakinsa. Da yaro ya yi mura, bututun ya kumbura ya toshe, iskar da ke tsakar kunne ta ƙare, ruwa ya taru, ƙwayoyin cuta daga hanci su haura su mai da shi mugunya. Dodon kunne ya kumburo, yaro ya kwana yana kuka yana jan kunne da zazzaɓi. Wata rana da safe sai a ga ruwa a matashi, yaron kuma ya yi shiru, iyaye su ce alhamdulillahi ciwo ya fashe. Gaskiya ne zafin ya tafi, amma abin da ya fashe dodon kunne ne. A yawancin yara yakan haɗe. A wasu, musamman idan abin ya yi ta maimaituwa, ko akwai tamowa, ko ƙyanda ta biyo, ko ana ta zuba abubuwa a ciki, ɓular takan zauna. Daga nan tsakar gida ta zama ba ƙofa: ruwan wanka ya shiga, ruwan kududdufi ya shiga, mura ta turo daga baya. Wannan shi ne "ya tsaya ya dawo" da ka bayyana.

Jin yaron ya ragu ne saboda gangar ta ɓule, ƙasusuwan kuma suna iyo cikin mugunya maimakon su yi rawa cikin iska. Kamar ka toshe kunne da yatsa ne: sauti yana nan, an dai tare masa hanya. Mai karɓar sautin a can ciki galibi lafiyarsa ƙalau, shi ya sa nake da kyakkyawan zato ga ɗanka. Amma kada wannan ya sa ka yi sanyi, don maƙwabtan tsakar kunne masu haɗari ne. Rufinta wani siririn ƙashi ne, a bisansa ƙwaƙwalwa take. Jijiyar da ke motsa rabin fuska ta ratsa ta bangonta. Ƙashin bayan kunne kuma cike yake da ramuka kamar saƙar zuma, duk a haɗe da ita. Akwai wani nau'in ciwon da matacciyar fata ke taruwa a ciki tana cin ƙashi a hankali, alamarsa ruwa kaɗan amma mai ɗoyi ƙwarai, kuma shi magani ba ya kore shi sai tiyata. Warin da ka ambata shi ne ya sa nake so likitan kunne, hanci da maƙogwaro ya leƙa kunnen da fitila, ba mai kemis ba. Idan kuwa ka ga kumburi a bayan kunne, ko bakin yaron ya karkace, ko jiri, ko ciwon kai mai tsanani da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, a ranar za ku tafi asibiti, ko da tsakar dare ne.

Kafin ku samu ganin likita, abu biyu ne a hannunku. Na farko, a daina zuba komai: man ja, ruwan albasa, tafarnuwa, nono, turare, ruwan ganye. Tunda dodon a ɓule yake, duk abin da aka ɗiga kai tsaye yake wucewa ciki. Har maganin ɗigawa na kanti ba kowanne ne ya dace da ɓulallen kunne ba, wasu suna ɗauke da sinadarin da ke iya lahanta ƙuryar. Ka yi wa Hajiya bayani cikin ladabi, don ƙauna ce ta sa take yi, ka nuna mata abin da za ta yi a madadin gashin kazar: a murɗa takarda mai laushi mai tsabta ta zama kamar lagwani, a sa a bakin ramin ta tsotse ruwan, a jefar, a sake wata har ta fito a bushe, sau uku a rana. Na biyu, a hana ruwa shiga. Lokacin wanka a toshe bakin kunnen da auduga da aka shafa wa man basilin, a cire bayan an gama, kuma babu iyo. A asibiti za a tsotse mugunyar, a ba da maganin ɗigawa da ya dace, a auna jinsa. Idan kunnen ya bushe amma ɓular ta ƙi rufewa, akwai aikin da ake yi a ɗebo wata siririyar fata daga saman kunnen a yi wa dodon faci, kuma sau da yawa ji yana gyaruwa sosai. Manyan asibitocin koyarwa suna da wannan sashe, a Kaduna kuma akwai cibiyar kula da lafiyar kunne ta ƙasa. A makaranta ka roƙi malamin ya zaunar da shi a gaba, kunnen hagu yana fuskantar malam. Yaro mai shekara 6 yana tsakiyar koyon karatu ne, kuma na ga yara da yawa da aka yi wa tambarin daƙiƙanci ko taurin kai, alhali ji ne ba sa yi.

Yanzu mu shiga ƙurya, wurinka. A cikin wani ƙashi da yake cikin mafiya tauri a jiki akwai wani bututu da ya naɗe kansa sau biyu da rabi da ɗan ɗori, kamar katantanwa, kuma sunan da masana suka ba shi ma daga katantanwar ya samo asali. Duka girmansa bai wuce ƙwayar wake ba, amma da za a warware shi zai kai kusan santimita 3 da rabi. Cike yake da ruwa. Idan likkafa ta buga tagar, sai igiyar ruwa ta tashi ta bi bututun, ta kaɗa wani shimfiɗaɗɗen zare da ya bi tsawonsa. Zaren nan a bakin katantanwa siriri ne mai tauri, yana ƙara faɗi da laushi har zuwa ƙoli. Makaɗin kalangu ya san sirrin: ya matse tsirkiya murya ta yi sama, ya saki ta yi ƙasa. Don haka siririn sauti, irin kukan tsuntsu ko na gyare, a bakin katantanwa yake kaɗa zaren, mai kauri irin na tambari kuma sai ya dangana da ƙoli. Kowace murya da mazauninta. Wani masani ɗan asalin ƙasar Hangari, Georg von Békésy, shi ya nuna wannan tafiyar igiyar, aka ba shi kyautar Nobel a 1961. Kunnen matashi mai lafiya yana kama sauti daga mai girgiza sau 20 a daƙiƙa har zuwa mai girgiza sau 20,000.

A kan zaren ne masu ji na ainihi suke zaune, wasu ƙwayoyin halitta masu 'yan gasu a ka, a jere cikin tsari. Alfonso Corti, wani masani ɗan Italiya, shi ne ya bayyana wannan jerin a 1851. Kowane kunne yana da kimanin 16,000. Wajen 3,500 daga ciki su ne 'yan aike: da gashinsu ya tanƙwara, sai su mai da motsin ya zama saƙon lantarki, su miƙa wa jijiyar ji mai zare kusan 30,000, ta kai ƙwaƙwalwa. Sauran wajen 12,000 aikinsu ya fi ba ni mamaki har yau. Suna miƙewa suna tsukewa daidai da sautin da ya shigo, suna ƙara wa raunanan sautuka ƙarfi, suna kuma tace su don murya ta fita daban da wata. Motsin nasu har wani ɗan sauti yake fitarwa ya dawo waje, kuma tun da David Kemp ya gano haka a 1978 a Ingila, ake amfani da shi wajen gwada jin jariri yana barci, cikin 'yan mintoci. Katantanwar jariri ta gama girma tun yana ciki, yana kuma jin muryar uwarsa a watannin ƙarshe. Kunnen da ake yi wa kiran salla ranar haihuwa kunne ne mai aiki.

Ga inda abin yake da ciwo. Da adadin da aka haife ka da shi za ka rayu. Kaza ko kifi idan ƙwayoyin nan nasu suka lalace sukan tsiro sababbi, amma mutum da sauran dabbobi masu shayarwa ba sa yi. Ƙara mai ƙarfi tana kwantar da gasun kamar yadda ƙafa ke kwantar da ciyawa. Idan sau ɗaya aka taka, zuwa gobe ta miƙe, wannan shi ne dum ɗin da kake ji idan ka kashe inji da yamma, ka wayi gari ya washe. Idan kuwa kullum nan ake bi, shekara da shekaru, sai wurin ya zama turba. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata ke amfani da shi shi ne desibel 85 (desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti) na awa 8 a rana, kuma duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin gida biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 94 awa 1. Ba sai kana da na'ura ba. Idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke tsaye nesa da kai da tsawon hannu ya ji ka, to wurin ya kai haddin. Ka tuna yadda kake magana da masu kawo niƙa, da ihu da nuni. Akwai wata 'yar tsoka a jikin likkafa da ke ɗaurewa idan ƙara ta yi yawa, amma takan gaji, kuma ba ta da saurin da za ta tare ƙarar bindiga.

Ɓarnar ƙara takan fara ne daga yankin sirarran sautuka, wajen girgiza 4,000 a daƙiƙa. Wannan ne bayanin abin da ka ce, kana jin murya amma maganar ba ta fita. Wasula da hawa da saukar murya, waɗanda Hausa ta dogara da su ƙwarai, sautuka ne masu kauri, kuma har yanzu kana kama su. Amma baƙaƙe irin su s, sh, f, ts sirara ne, su suka fara ɓace maka. Sai sata da fata su zama ɗaya a kunnenka, shara da sara su rikice. A ɗaki shiru ƙwaƙwalwa tana cike giɓin da hasashe da kallon leɓe, a wurin ɗaurin aure kuwa hayaniya ta rufe komai. Tsufa ma ta nan yake farawa, shi ya sa yi wa dattijo ihu bai cika amfani ba, ya fi kyau ka fuskance shi ka yi magana a tsanake. Ƙarar "shiii" kuma ba daga waje take ba. Ƙwaƙwalwa ce ta rasa saƙon da ta saba samu daga wani yanki, sai ta ƙara wa kanta ƙarfin sauraro har ta fara jin abin da babu. Da dare ta fi damunka saboda babu wani sautin da zai rufe ta. Ƙaramar rediyo ko fanka a ɗaki tana rage ta, kuma yawancin mutane sukan saba har ta daina tsaya musu a rai.

Ba zan ɓoye maka ba: babu ƙwaya, babu allura, babu ɗigo, babu jiƙo da ke tayar da ƙwayoyin da suka mutu. Duk wanda ya ce zai sayar maka da irin wannan, kuɗinka yake so. Amma yawancin naka suna nan da rai, tunda har kana hira, kuma su ne abin tsarewa. Ka nemi abin toshe kunne na roba ko soso irin na ma'aikatan masana'anta, ko mai rufe kunne gaba ɗaya kamar kofi, ka sa tun kafin ka tayar da inji, kullum, ba sai ranar da ka tuna ba. Auduga kaɗai ba ta tare wani abin kirki. Idan da hali a fitar da injin da ke jan na'urar waje ko a raba su da bango, a gyara salansa, a ɗaure duk ƙarfen da ke kaɗawa. Yaran da ake aikowa da niƙa su ajiye kwano su jira a waje, ɗanka kuma kada ya zauna a shagon ko kaɗan. Ka je a yi maka gwajin ji don a san inda kake, a kuma duba ko akwai taurarriyar dauɗa da ta ƙara maka nauyin, don ita ana cire ta a take. Idan gwaji ya nuna buƙata, na'urar taimaka wa ji da aka saita daidai da sautukan da ka rasa tana mayar da mutum cikin hira. Wadda ake saya a kasuwa ba gwaji takan ƙara komai ne gaba ɗaya, har da hayaniyar.

Ba ƙara kaɗai ke kashe ƙwayoyin nan ba, kuma a ƙasarmu ya kamata a san sauran. Sanƙarau yana cikin manyan masu kurumtar da yara, shi ya sa duk yaron da ya tashi daga shi ya kamata a gwada jinsa da wuri. Haka ƙyanda da hangum, da shawara mai tsanani a jariri, da zazzaɓin Lassa wanda ke barin wasu da suka warke da kurumta. Allurai irin su jentamaisin da sitireptomaisin, da kwinin, suna ceton rai idan likita ya auna su, amma a hannun mai allurar unguwa suna iya tafiya da jin mutum. Akwai kuma kurumtar gado, wadda takan fi fitowa idan iyaye biyu suna ɗauke da iri ɗaya, kamar yadda kan faru a auren zumunci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 430 ne ke da raunin ji mai buƙatar taimako, miliyan 34 daga ciki yara, kuma kusan kashi 60 cikin 100 na kurumtar yara ta hanyoyin da za a iya kaucewa take zuwa, irin su rigakafi da kula da ciwon kunne da wuri. Yawancin yaran da muke kira bebaye harshensu lafiya lau, ba su ji magana ba ne balle su kwaikwaya. Idan aka gano da wuri, da na'ura ko da maganar hannu, yaro yana samun harshe ya yi karatu. Wani abu kuma da nake so kowa ya sani: idan kunne ɗaya ya ɗauke farat ɗaya, cikin awoyi ko kwana biyu, ba ciwo ba ruwa, a je asibiti cikin kwanakin farko, don maganin da ake bayarwa a lokacin ne yake da tasiri.

Akwai sauran ɗaki ɗaya a ƙuryar da ba ruwansa da ji. A gefen katantanwa akwai bututu uku masu siffar rabin zobe, kowanne yana fuskantar ɓangare daban, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da ƙananan duwatsu irin na alli. Bututun suna gaya wa ƙwaƙwalwa kai ya juya, jakunkunan suna gaya mata ina ne ƙasa da kuma ko mota ta tashi ko ta tsaya. Yaran da ke wasan hajijiya, idan suka tsaya, ruwan bututun bai tsaya ba, sai duniya ta ci gaba da juya musu. Wani lokaci ɗan dutse kan ɓalle ya faɗa cikin bututu, mutum ya juya a gado ɗaki ya kife masa na 'yan daƙiƙoƙi, a tsorata a ce hawan jini ne ko iska, alhali likita yana iya mayar da dutsen wurinsa ta hanyar jujjuya kan mutum cikin wani tsari. Na kawo wannan ne don ka gane dalilin da na sa jiri cikin alamomin gaggawa ga ɗanka: idan mai zubar kunne ya fara jiri, ciwon ya fara taɓa bangon ƙurya ke nan.

Ga wani gwaji da za ka yi yanzu ka ji bambancin ciwon naku da kanka. Ka rufe baki ka yi "mmm", sannan ka toshe kunne ɗaya da yatsa. Za ka ji muryar ta koma kunnen da ka toshe, ta ƙara ƙarfi. Sauti yana iya bin ƙashin kai ya isa katantanwa ba tare da ya bi ta zaure da tsakar gida ba, shi ya sa taunar ƙuli-ƙuli take cika maka kai alhali na kusa da kai da ƙyar yake ji, shi ya sa kuma muryarka a saƙon waya take yi maka kamar ta wani. Da wannan hanyar likita zai raba ciwon biyu: zai kaɗa wani ƙarfe mai baki biyu, ya riƙe shi a bakin kunne, sannan ya ɗora gindinsa a ƙashin bayan kunne. Idan ɗanka ya ce ya fi ji ta ƙashi, hanya ce ta toshe, mai karɓa yana nan. Ku tafi tare rana ɗaya, a duba shi a duba ka, kuma ka riƙe duk kwalaben da aka taɓa ɗiga masa ka nuna wa likitan.